Yadda Metir Sama'ila Ya Shiga Gonakin Dawa

Duk wanda ya ce Tasawa ba ta da gwanin zane, to bai taɓa cin karo da Metir Sama'ila ba. Allah ya yi wa garin baiwa da shi shekara uku da suka wuce, bayan ya dawo daga Yamai, inda ya yi kwana goma sha takwas cur yana karatun zane. A can ne wani Bature ya leƙa takardarsa ya ce “pas mal,” wato ba laifi, kuma tun daga ranar hancin Sama'ila bai sake saukowa ba. Ya tafi yana Mushe kamar kowane malami, ya dawo yana Metir, wato babban gwani. Wanda ya yi kuskuren kiransa Mushe, sai ya jira amsa har ya gaji.

Ba a rasa gane shi. Yana da wata hular ulu irin ta masu zanen Turai, wadda ba ya cirewa ko a tsakiyar bazara, ga ƙyalle a wuya, ga kiriyo, wato fensir, a bayan kunne. In yana tafe bakin titi sai ya tsaya cak, ya miƙe hannu da kiriyon, ya kanne ido ɗaya, yana auna duk abin da ya samu: hasumiyar masallaci, motar tasha, kan mai shayi. Mutane na wucewa suna yi wa iyayensa jaje a zuci. Shi kuwa yana ɗauka sha'awa ce ta hana su magana.

Aikinsa koyar da 'yan shekarar farko a wata ƙaramar makarantar gaba da lise, wato gaba da sakandare. Kuma a gaskiya, tsarin koyarwarsa abin a yaba ne. Watan farko, fiƙe kiriyo. Wata na biyu, jan layi. Sai a wata na uku ake shiga babban ilimi, wato inuwa.

“Ku saurara, mes enfants!” in ji shi, yana kai da kawowa gaban allo. “Zane babu inuwa tuwo ne babu miya. Mi ya raba ni da mai rubuta lambar mota a tasha? L'ombre! Inuwa!”

Cikin ɗalibansa goma sha tara akwai A'i, 'yar garin Maijirgi, wadda tun tana shekara sha biyu ake layi ta yi wa amare lalle. Akwai Misbahu, wanda ya tashi gidan masu ɗinkin hula. Metir ya dubi aikinsu sau ɗaya ya ce “folklore,” da irin muryar da ake cewa an sa wa miya gishiri da yawa. Ya ba su hoton tuffa su kwaikwaya, hoton da aka yi ta bugawa har tuffar ta koma kamar curin daddawa. Wata biyu suka yi suna yi wa daddawar nan inuwa, suna kiransa Sarkin Inuwa a bayan idonsa.

Ana nan, sai darakta Abdul Razak ya kira shi ofis. Ya ce masu koyar da kwamfuta suna neman ɗaki, kuma shekara uku ke nan sashen zane bai fitar da komai ba sai ɓawon kiriyo. Amma ga dama ta ƙarshe. Ƙungiyar masu irin dawa ta Maijirgi na son hoton da za ta buga a buhunanta. In suka karɓi wani abu daga sashen, ɗaki ya tsira. In ba haka ba, bayan hutu a shigo da kwamfutoci, Metir ya koma tsaron ƙofa yana rubuta sunayen masu makara.

Wani zai ji tsoro. Metir murna ya yi, abin nema ya samu. Tun kafin ya fita ofis yana hango sunansa a bisa kowane amalanken jaki daga nan har Mayahi. Darakta ya ce a bar ɗalibai su gwada, Metir ya ce ba a ba jariri ƙashi. Ya dai yi musu alfarmar fiƙe masa kiriyo da kallo.

Washegari A'i ta kawo masa zangarniyar dawa daga rumbun babanta, ja jawur, cike da tsaba. Ya ture ta gefe da ɗan yatsa.

“Mai zane da idon zuci shike kallo, mademoiselle.”

Sati biyu yana fama. Ya zana zangarniya, ya bi tsaba ɗaya bayan ɗaya yana cika ta da baƙi. Da kiriyo ya gaza masa sai ya koma gawayi, yana murzawa da babban yatsa. Ya ƙara da wani baƙin gari yana zuba daga zangarniyar, ya ce wannan shi ne “mouvement.” Ɗaliban nan, 'ya'yan manoma kusan dukansu, suka fara kallon juna.

“Metir,” A'i ta ce a hankali, “wanga baƙin, in mutanenmu sunka gani…”

“Silence! Ke da lalle, ni da art.”

Ta koma wurin zamanta, tausayinsa da dariya suna kokawa a cikinta. Shi kuwa ya rattaba sunansa a ƙasan hoton da manyan haruffa, har sun fi karan dawar kauri.

Ranar Litinin da hantsi baƙi suka iso: Malam Cha'ibu shugaban ƙungiya, da Inna Tanna, tsohuwar da ke zaɓar irin da za a ajiye kowace kaka. Metir ya yi musu jawabin rabin awa kan haske da inuwa, rabi da Faransanci, suna cewa “to, to.” Sannan ya fizge yadin da ya rufe hoton.

Ɗaki ya yi tsit. Metir ya lumshe ido, don ya san haka ake yi a gaban babban aiki.

“Subhanallahi,” in ji Inna Tanna, ta ja da baya tana kakkaɓe zanenta.

Malam Cha'ibu ya gyara murya. “Malam, gonar wa ka samo wagga? A hwaɗa muna mu tai mu sare ta.”

“Wace gona? Wannan inuwa ce!”

“Wanga burtuntuna ce, Malam. Ciwon da ka maida tsaba baƙin gari. In munka sa ta bisa buhu, ko kyauta ba mai amsar irinmu.”

Gumi ya keto daga ƙarƙashin hular ulu. Metir ya dubi darakta, ya ga darakta na ƙirga wuraren da za a ja wayar lantarki. A karo na farko cikin shekara uku ya nemi Faransanci ya rasa.

Sai Inna Tanna ta matso, ta kai hancinta kusa da takardar. “Amma hwa, Cha'ibu, ban taɓa ganin wanda ya hiddo ta haka ba. Har garin da ka zuba! Shekara nawa ina hwama da yaranga su gane ta tun da wuri? A ba mu wagga mu liƙa ƙohwar kowane sito.”

“Kun karɓa ke nan?” darakta ya tambaya.

“Mun amsa. Na buhu kuwa, ɗiyar nan tamu A'i ta zana muna dawa yadda Allah ya yi ta,” in ji Malam Cha'ibu.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Metir ya gyara ƙyallen wuyansa. “Exactement! Abin da nike nufi ke nan tun farko. Art engagé, zane don amfanin jama'a!”

Ɗaki dai ya tsira, kuma burinsa ya cika, har ya zarce. Kafin damina an liƙa hoton daga Maijirgi har Attantane, sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa. Sai dai manomin da bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, yakan kira ɗansa ya karanta masa abin da aka rubuta ƙarƙashin zangarniyar, yaro ya karanta, uban ya gyaɗa kai ya ce ashe haka ake kiran cutar da boko.

Ranar kasuwa Metir ya tsaya yana auna wani raƙumi da kiriyo, sai ya ji sunansa a bakin wasu dattawa biyu. Ya gyara hula, ya matsa kusa.

“Ina labarin gona bana?”

“Alhamdulillahi. Metir Sama'ila ya so ya shige ta, munka yi maza munka sare, munka turbuɗe.”

“Allah shi raba mu da shi.”

“Amin,” in ji duk rumfar.