Turaren Wuta a Gindin Zogale

Har yanzu in na ji ƙugi kusa da kunnena, sai jikina ya ɗauki rawa. Rina ne suka yi gida a zogalen bayan ɗakina a Mabai, suka hana ni tsinkar ganye. Na taɓa jin hayaƙi na korarsu, don haka na zuba turaren wutan aurena a kasko, na kara a ƙarƙashin gidansu ina ji da kaina. Ashe cikin hijabina za su shige! Na yar da kasko, na tuɓe hijabin, na fito ina kururuwa kai ba ɗankwali, ga Baba surukina yana alwala a tsakar gida. Idona ya kumbura har ya rufe.

Yanzu ko tsintsiya na ɗauka sai ƙanin mijina ya ce, "Amarya, rinarki sun aiko, wai humra suka hi so."