Keken Ilyasu a Gonar Gogo Habi

"A ba ni gadin burtali bana. In saniya guda ta lashi ganyen hatsi a garin nan, a aske mini gashin baki da fasasshiyar kwalba."

Ilyasu ke nan a ƙofar maigari, a wani ƙauye kusa da Cadawa. In ba ka san shi ba, abokina, mutum ne da ko tuwo ya ci sai ya ba da labarin yadda ya kayar da malmala.

Gero ya fitar da kai, shanu sun fara gangarowa, ana neman wanda zai riƙa zagaya burtali, hanyar nan da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki. Ladan aikin dami guda ne daga kowane gida in kaka ta yi. Ilyasu kuwa ciyawa ta cinye gonarsa yana can gindin bishiya yana surutu, don haka damman nan su ne tuwon gidansa na shekara. Maigari ya ce, "To, jibi ka zagaya mu gani."

Abin da Sarkin Cika Baki ya dogara da shi wani keken hawan dutse ne na gwanjo da ya sayo a Maradi, a ƙasar da ko dutsen niƙa sai an sayo. Ya gani a waya cewa gwanayen keke faffaɗan kai suke sawa. Sai ya tura nasa wurin Muttaka mai gyara a kasuwar Cadawa, ya sa aka liƙa masa bututun ƙarfe dama da hagu, har kan keken ya kusa gaba guda, wato faɗin hannuwa biyu a miƙe.

Muttaka ya dafa ƙarfen da ke riƙe kan, ya ce, "In an faɗaɗa kai, sai a rage wuya. Hannuwa a buɗe, kai can gaba, kwanciya za ka yi bisa keke. Wayar birki ma yanzu ba ta kaiwa."

"A rage mi? Ka taɓa ganin raƙumi ya zo a rage mishi wuya? Samo mini wanda ya hi wanga tsawo. Birki kuma na matsorata ne, cire shi."

Muttaka ya cire. Mai kaya ai shi ke da kayansa.

Ranar gwaji, keke ya ƙi fita ta zaure. Da ma ta kan danga aka shigar da shi, ta nan kuma aka fitar. Ilyasu ya hau, sai ga shi shimfiɗe kamar fatar da aka shanya: hannu gabas, hannu yamma, haɓa kan ƙarfe, mazaunai sun fi hula tsawo. Ya wuce dattawa a bakin masallaci bai iya ɗaga hannu ba, sai tayar gaba ya yi wa sallama.

Da ya fita daga gari, ya daure ya ɗaga ido, ya hango jajayen shanun Jaye, wani Bafulatani makiyayi, suna tafiyarsu tsakiyar burtali, ba ruwansu da gonar kowa. Ilyasu ya ce a ransa, "Yanzu za su yi ɓarna, bari in tare su." Ya yanke ta ƴar hanyar ƙafa da ta ratsa gonar Gogo Habi, tsohuwar da ko maigari ke shakkar bakinta.

Hanyar nan faɗin mutum guda ce, gangare ne kuma. Ƙarfen dama ya kama girbi, na hagu ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Kara na karyewa, zangarniya na marin Ilyasu. Ya murɗa kai ya kauce, keke ya tsaya shawara, sai da ya shige tsakiyar gona sannan ya amsa. Ya laluba birki, ya tuna yana Cadawa. Daga ƙarshe rairayi ya riƙe tayar gaba, nauyi kuwa duk yana can, sai gwanin ya tashi sama ya sauka cikin wake. Wallahi na tausaya masa, amma sai da na gama dariya.

Jaye ya zo, ya dubi titin da aka share cikin gero, ya zura wa kan keken igiya, ya ja shi har ƙofar maigari. Ilyasu na biye yana ɗingishi, Gogo Habi na bayansu tana karanto masa asalinsa.

Jaye ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, kullum ni ake kawowa nan. Yau ni na kawo."

Ilyasu ya ce, "Baba maigari, dabara ce. Hanya na buɗe don in riƙa hango shanu."

"Rufe mini baki, Na-Surutu," in ji Gogo. "Al'ada dai a ɗaure abin da ya yi ɓarna a turke har mai shi ya biya. Ni ban san wanne za a ɗaure ba."

Aka ɗaure keke kusa da jakin maigari. Maigari ya shafa gemu, ya ce, "Jaye, gadin bana naka ne, damman ma naka."

"Ranka ya daɗe, ni da shanuna? Wa zan tsare?"

Maigari ya nuna Ilyasu da sanda.