Rasuwar Garkuwar Gaban Motar Orval, In Har Ita Ce

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ya rage wa shakka ɗan gurbi, dattijo Orval Tietjen, mai hidima a majami'ar Elm Fork ta Nebraska, yana sanar da 'yan'uwa masu bi rasuwar garkuwar ƙarfe ta gaban akori-kurarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi a hanyar gona, bayan ta yi karo da wata 'yar barewa. Ita barewar ta miƙe, ta kaɗa kunne, ta shige cikin masara.

Marigayiyar ta shigo gidan a 1952 tare da motar, a hannun mahaifinsa. An ƙera ta a zamanin da maƙera ke tsoron Allah. Sanduna huɗu ne a tsaye, na ƙarfe cikakke marar rami, waɗanda aka lanƙwasa da wuta, aka haɗa su da biyu na kwance da irin ƙusoshin da ake bugawa suna ja wur, su huce su riƙe har abada. Walda ba ta taɓa jikinta ba. Ba ta jingina da bamba ba. Ƙafafunta biyu sun bi ta ƙasa sun kama shasi da noti takwas. Maza biyu ke ɗaga ta, su ma da nishi. Ta tura motocin maƙwabta daga cikin dusar ƙanƙara. Ta tare bijimin gidan Novak a 1961, ƙahonsa ya bar mata tabo a sandar hagu, amma lagireto bai zubar da ko ɗigo ba. In aka ƙwanƙwasa ta da sifana sai ta amsa "ƙwaaam", ta ja shi kamar ƙararrawar Lahadi.

Ba ta taɓa kwana a waje ba sai watan jiya, da aka kai ta garejin Delbert Kroupa, mijin ƙanwar dattijon, domin a sabunta mata baƙin fenti. Aikin kwana biyu ya ci mako uku. Ta dawo tana sheƙi, an ma riga an ɗaura ta.

Dattijo Orval ya san zargi babu shaida zunubi ne, saboda haka bai zargi kowa ba. Yana dai faɗin abin da aka gani wajen shirya gawa. Matarsa Verna ce ta ɗauke ta daga kan hanya da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jakarta. Sandunan da suka karye, an leƙa an ga rami. Inda ƙusoshi suke, sai ga walda an goge, an liƙa kawunan ƙarya a kai. Tabon bijimi ya warke, abin da ƙarfe bai saba yi ba. Da ya ƙwanƙwasa ta, kalmarta ta ƙarshe ita ce "kwas".

An tuntuɓi Delbert, ya ce tsufa ne, wai ƙarfe ma yakan rame, kuma gara Yaya Orval ya je a duba masa ido. Allah ne masanin abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin da ya lulluɓe gaban akori-kurar shi Delbert ɗin tun daga wancan makon.

Ta bar fitilu biyu, ɗaya ta makance. Da lagireto da ke kwance yana zuba. Da noti takwas, waɗanda shida daga cikinsu baƙi ne a gidan.

Ba za a binne ta a bayan rumbu ba tukuna, domin dattijon ba zai rubuta sunanta a kan kabarin wata ba. Za a ɗauki gawar ranar Asabar bayan addu'ar safe zuwa filin baje kolin gunduma, layin tsofaffin motoci, inda Delbert ya shigar da tasa motar gasa, kuma dole ya yaye tamfol a gaban alƙalai da ƙarfe goma. Ana roƙon masu ta'aziyya su matso kusa, su yi tsit. Dattijo Orval zai zo da littafin addu'a a dama, sifana a hagu, zai ƙwanƙwasa garkuwar motar Delbert sau ɗaya tak. In an ji "kwas", zai nemi gafarar mijin ƙanwarsa a bainar jama'a. In kuwa an ji "ƙwaaam", to godiya ta tabbata ga Ubangiji mai tayar da matattu, sai maza biyu masu ƙarfi su fito gaba.