Yadda Za Ka Shawo Kan Surukinka Cewa Wasan Bidiyo Na Manya Ne

Kai magidanci mai furfura a gemu, da ke cusa manet, wato abin sarrafa wasan bidiyo, ƙarƙashin matashi da zarar an yi sallama, kwantar da hankalinka. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Gaskiya sau ɗaya aka gwada ta, a kan maƙwabcina Mourtala mai gyaran moto a nan Agadas, amma ta ci.

Matarsa Souwaiba ce ta gaji da wasan bidiyonsa, ta kai ƙara wurin mahaifinta Alhaji Illiya, tsohon madugun ayarin gishiri na Fachi. Tsohon ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa, in wasan yara ne a ba yara na'urar. Ga abin da na koya wa Mourtala.

1. Ka daina cewa "wasa"

Daga yau sunansa nazari. In uwargida ta leƙo, ka haɗe rai ka ce kana binciken ma'anar rayuwa. Da Mourtala ya faɗi haka, Souwaiba ta ce ma'anar rayuwa tana kasuwa tana jiran cefane. Kada irin wannan ya karya maka gwiwa, masu zurfin tunani ba a cika fahimtarsu a gida ba.

2. Ka zaɓi wanda babu daɗi

Ɓoye na ƙwallo da na tseren mota. Fito da wanda ake tafiya a hankali, ba mai dariya. Na Mourtala matafiya biyu ne a sahara da ramammen raƙumi da salkar ruwa ɗaya. Ɗayan ya kwanta ciwo, kai mai manet za ka zaɓa: ka bar shi ka kai rijiya, ko ka ɗauke shi. Babba yana son abin da zai dame shi, shi ya sa muke sauraron labarai.

3. Ka tarbi suruki yadda aka saba

Tabarma tasa ce, kai ƙasa kusa da ƙofa, kai sunkuye. Ɗora shayi. Ka tanadi wata babbar kalma daga falsafar da ta kayar da kai a makarantar lise. Mourtala ya yi ta maza ya ce abin yana koyar da "responsabilité". Alhaji ya tambaya ko sunan raƙumin ke nan. Ya ƙara da cewa ko ma mene ne sunansa, ba a ba shi abinci.

4. In ya yi shiru, kai ma ka yi

Da aka zo wurin zaɓi, Mourtala ya danna a bar mara lafiyan, kamar yadda ya saba. Alhaji ya ajiye kofin shayi.

"Ka bar shi?"

"Baba, in ba a bar shi ba, su biyun ne ke mutuwa."

"Na sani," in ji tsohon.

Sai ya ba da labarin ƙanensa Inoussa, da zazzaɓi ya kayar a hanyar Fachi suna samari. Alhaji ya kafa masa inuwa da bargo, ya bar masa sauran ruwan, ya yi gaba neman rijiya. Da ya dawo ya tarar rai ya yi halinsa. Ko Souwaiba, da ke laɓe bayan labule, ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Tausayi ya kama Mourtala har ya manta da duk abin da na koya masa. Ya ce a hankali, ai a cikin wannan abin ana komawa baya.

"Ana komawa?"

"Ana komawa, Baba."

"To, koma."

5. Ka shirya wa nasara

Suka koma, suka ɗauki mara lafiyan, ƙishirwa ta kashe su. Alhaji ya ce a sake. Shayi ya huce ba wanda ya kula. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa wannan ba abin yara ba ne, kuma dole a nesanta shi da su. Tunda a gidansa babu ƙananan yara, ya sa aka ɗaure na'urar a bayan moto, Mourtala da kansa ya kai. Ka kuma san ba a ce wa suruki "maido".

Yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Mourtala na can yana danna manet, don yatsun Alhaji sun yi tauri. Har yau ba su kai mara lafiyan rijiya ba. Alhaji ya ce akwai hanya, nawar Mourtala ce matsalar.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da na'urar da ta yi ƙaura, ko matar da ta samu abin dariya na shekara guda. Haka nan in ka tsinci kanka kana yi wa mutumin cikin tele addu'ar samun sauƙi, kamar yadda aka kama Mourtala yana yi, Alhaji na amsawa da amin, kada ka zo ƙofata. Wannan tsakaninku da Allah ne.