Mai Riƙe wa Sarakuna Laima

"…da gajiya, Amarya. Kin je kuwa?"

Tsoho ya tari jikarsa tun ba ta cire takalmi ba. Tun da aka lulluɓe mutum-mutumin sarakunan da ke shataletale da tamfol, wai gyara ake yi, hankalinsa bai kwanta ba. Don tunawa da samun 'yancin kai aka kafa shi, saurayin da ke bayan sarakunan riƙe da laima kuwa, Tsoho ne mai sassaƙar ya tsayar ya kwaikwaya, lokacin yana saurayi. Ana ta raɗe-raɗin an cire saurayin. Yau aka yaye tamfol, ga shi gwiwa ta hana shi fita.

"Ango, ko ruwa babu? Haka ake tarbar mace a gidanku?"

"Ga randa can. Kin je ko ba ki je ba?"

"Na je. Sarakunan nan sun sha fenti, har ɗaya ya kwanta mini a rai. Ka sake ni kawai."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma don tausayi nake zaune da ke. Bayansu fa?"

"Akwai mai facin taya."

"Ke! A kan dakalin nake nufi."

"Oho. Wani ƙanjamammen yaro na gani, wuya kamar zakaran da ruwa ya daka."

Tsoho ya dafa sanda ya matso gaba. "Yana nan?"

"Wai kai ne wannan? Kai da ka ce 'yan mata har suma suke yi?"

"Ranar 'yanci ai ni aka fito kallo. Sarakunan rakiya suka yi mini."

"Shi ya sa aka cusa ka baya."

"Don kar in dusashe su ne, marar kunya."

Ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta bar ja. Ta durƙusa ta miƙa masa wayarta. Ga saurayin nan a hoto, tsaye ƙyam, laima a hannu. Tsoho ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Har hancin da ya guntule sun mayar mini."

"Ƙara maka dai suka yi. Naka yaushe ya kai haka?"

Ya shafa hancinsa, ya sake duban hoton, sai dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Na yarda, nasu ya fi. Shiga ki ɗauki bargon nan da kike ta naci a kai. Yau ko a tsakar gida aka shimfiɗe ni, barci zan yi."