Amon da Kaka Take Yi a Bakin Dutsen Niƙa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina, da la'asar ɗin da na kai faifaina na farko gidan biki a unguwar Yindiski da ke Fataskum.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Na yi shekaru a Kano ina kaɗa jita mai lantarki a wata ƙungiya, muna ta ihu da Turancin da mu kanmu ba mu gama ganewa ba. Da muka yi faɗa muka watse, sai na ce ni kaɗai zan yi faifai, kuma gida zan koma da kiɗana. Na ɗauki jitar katako, na samo wani dattijo ya raka ni da gurmi, na ɗan barbaɗa salon kaboyin da muke gani a silima. (Har malafarsu na saya. A hoton jikin faifan sai ka ce makiyayin da shanunsa suka gudu suka bari.)

Waƙar da na fi ji da ita, daga bakin Kaka na ɗauko ta. Ita ta raine ni a Fataskum, don mahaifiyata ta rasu ina jariri. Kullum in tana niƙa a dutse akwai wani amo da take yi a maƙogwaro, a hankali, ba kalma ko ɗaya. Da shi na girma, ban kuma taɓa tambayarta na mene ne ba. Na ɗora masa baitocin soyayya, na ce ranar da Kaka ta ji shi a faifai za ta yarda kiɗan nan nawa ba shashanci ba ne.

Sai ga bikin abokina Adamu, amaryar kuwa 'yar ƙauyen su Kaka ce. Na aro garmaho da lasifika, na rataye ta a dogonyaron ƙofar gida. Mata suna ciki, har da Kaka. Na gyara malafa, na ɗora allura.

Ba a yi nisa ba guɗar cikin gida ta ɗauke. Can sai kuka, na tsofaffi, mai ja. Ni kuwa gogan naku na zunguri ango na ce, "Ka ji ko? Har kuka suke." Na ƙara murya. Wallahi da hannuna na ƙara.

Gwaggon amarya ce ta fito, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Faifaina ne."

Ta dube ni tun daga malafa har takalmi. Ta ce, "Yaro, a garinmu ba a yin wannan amon sai an fita da gawar mace mai jego. Shi ka kawo wa 'yarmu ranar da za ta shiga ɗakinta?"

Adamu ya ɗage allurar da kansa. Maza duk suka sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai da dattawa suka yi ta ba da haƙuri har magariba ta kusa kafin dangin amarya su yarda a kai ta.

Kaka ce ta fito ta kama hannuna kamar ɗan yaye, muka kamo hanyar unguwarmu ta Bolewa, ina rungume da garmaho. Sai da muka kusa gida ta yi magana.

"Maigida, da ka tambaye ni."

Na gyara riƙon garmaho, ta ci gaba.

"Ranar da aka fita da uwarka muka yi mata shi. Sauran matan sun daina da aka share makoki. Ni ce na kasa."

Faifan nan ya yi ta juyawa a shagunan Kano, har ana ce mini waƙar akwai daɗi. Kaka kuwa ta ci gaba da niƙanta har ta bar duniya, amma ban sake jin amon a bakinta ba. Na yi ta laɓewa ina saurare, sai ƙarar dutse kawai.

Tun daga nan, ko tari tsohuwa ta yi a gabana, sai na tambaye ta na mene ne kafin in taɓa jita.