Anini Ɗaya a Gonar Kofur Zgambo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Biyan Sojojin Ko-ta-kwana, mai alƙalamin da ke ƙara wa mutum girma ya rage masa tuwo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta soja, ƙafa a haɗe, ciki a lafe. Cikin ma ba ni na lafe shi ba, ofishinka ne ya ɗauke mini wannan aikin, kuma na gode.

Ni ne Limbikani Chavula, manomin masara, kuma saje a rundunar ko-ta-kwana kusan shekara ashirin. Kowace shekara muna shiga sansanin horo da rani, a biya mu kafin ruwan Nuwamba, watan da damina ke faɗuwa a nan ƙasarmu, in wuce kai tsaye in sayi takin zamani. Da wannan takin gidana yake cin tuwo har wata kaka. Bana aka ga cancantata, aka cire mini igiya uku, aka liƙa mini anini ɗaya, na zama hafsa. Ga 'yan koke-kokena, in ba zan takura maka ba.

Na ɗaya. Akawunka ya shaida mini cewa ranar da aka sa mini aninin, shekaruna na aiki sun koma sifili, don haka kuɗina ya yi ƙasa da na saje. Na yi murna da jin ni sabon yaro ne. Ko ofishinka zai taimaka ya sanar da gwiwoyina? Su har yanzu ba su sami labari ba.

Na biyu. Saje kyauta yake cin tuwon masara da kifin usipa, da hannunsa, har ya nemi ƙari. Hafsa kuwa shi ke sayen kakinsa, ya biya kuɗin abinci, a ba shi wuƙa da cokali mai yatsu ya yi ta farautar wake a faranti. Sannan al'ada ta ce sabon anini sai an jiƙa shi da walima. Akuyar matata Tiwonge ce ta jiƙa nawa, hafsoshi suka cinye ta har ƙafafu. Tun daga ranar, in Tiwonge ta ajiye mini ruwan wanka sai ta ce, "Yallaɓai, ga ruwa. Sabulu kuma a tambayi gwamnati."

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da ya rage a hannuna bai sayi taki ba. Hadari ya fara haɗuwa, kunyoyina na nan a huɗe, kuma tsoro nake ji ƙwarai, domin na san yadda yara ke kallon tukunya a watan Fabrairu, kafin masara ta nuna. Maƙwabcina Kofur Mabvuto Zgambo, wanda ni na koya masa ɗaure takalmi, ba wanda ya ga cancantarsa, saboda haka buhunan takinsa na jingine a ɗaki. Ya yarda ya ba ni buhu guda in na yi masa huɗa.

Kofur mutum ne mai ladabi. Kullum da safe in na iso gonarsa sai ya ƙame ya sara mini, sannan ya miƙo mini fartanya da hannu biyu. In kunyata ta karkace yakan ce, "Yallaɓai, da izininka, wannan aikin banza ne, a sake." Ni kuma in ba shi izinin, in sake. Yaran ƙauye har kan suri suke hawa don su kalli faretin.

Ranka ya daɗe, ba ƙarin kuɗi nake roƙo ba, na san ba a saba ba. Bayani nake nema. Idan kofur ya sallami hafsansa daga ƙwadago saboda lalaci, wa za a kai gaban kwamanda? Kuma jiya na ji ana raɗe-raɗin za a ba Zgambo anini baɗi. Ina haɗa ka da girman kujerarka, ka sa baki a fasa. Mutumin nan bai yi wa kowa laifi ba, kuma in shi ma ya zama hafsa, a gonar wa zan yi aiki?

Naka mai biyayya, a ƙame har sai an ce in huta,

Laftanan Limbikani Chavula,
Gonar Kofur Zgambo, kunya ta wajen rafi.